Musayar Waƙa: Haid Fak na Landan, Kyauta Ce ko Ƙwato Shi Aka Yi?

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Ga baitocina kan Haid Fak, tsohon lambun birnin Landan. Amsa-amonmu "wa" ne, kowa ya ɗora.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Tarihin lambun nan zan yi tonawa.
Gonar limaman coci ce tun asali,
Sarki Henri na Takwas ya zo da ƙwacewa.
A 1536 ya sa aka kewaye ta,
Barewar ciki shi kaɗai ke harbewa.
Sai Cals na Farko a 1637,
Ya yi kyauta, talaka na shigowa.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ga nawa:

Da annoba ta ci birni a 1665,
Nan talakawa suka yi ta gudowa.
Suka kafa bukkoki a fili,
Suna jiran cutar ta yi wucewa.
Sarauniya Karolin kuma a 1730,
Ta datse rafi, ruwa na taruwa.
Tafkin na nan, an sa masa sunan maciji,
Kwale-kwale a kai yana kewayawa.

'Yar Zazzau:
Malam, a gafarce ni, kalmar "kyauta" ta tsaya mini a wuya.

Ƙafa sarki ya bari ta shiga,
Baki kuwa yana nan a rufewa.
A 1866 masu neman 'yancin jefa ƙuri'a,
Suka iske ƙofa an yi garƙamewa.
Suka kama shingen ƙarfe da hannu,
Suna jijjiga, yana ta zubewa.
Kwana uku ana ta artabu,
'Yan sanda da sanduna suna korawa.
Sai a 1872 majalisa ta yi doka,
Mai magana ya samu wurin tsayawa.

Na je wurin, Kusurwar Masu Magana, wata Lahadi,
Sanyi na ratsa ni har ga ƙasusuwa.
Wani dattijo kan ɗan guntun tsani,
Lema a hannu, gwamnati yake caccakewa.
Wani na gefe yana ƙaryata shi,
Ɗan sanda na ji, bai zo da kamawa.
Wallahi sai da idona ya cicciko,
Na tsaya har yamma ban iya gusawa.

Mai Alƙalami:
Hajiya, kin yi gaskiya, na janye kalmar. Bari in ƙara miki hujja:

Dab da kusurwar akwai Taiban,
Inda ake kai mutum ga ratayewa.
Kafin igiya ta shiga wuyansa,
Akan bar shi ya yi maganar rabuwa.
Har 1783 ana wannan aiki,
Dubban mutane na zuwa ganewa.

Ɗan Fagge, saura gidan gilashin baje kolin 1851. Kai muke jira.