Taƙaitawa: ladabin yaɗa bayanan da aka ɗauko daga kwamfutar inji bayan an yi mata saiti

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawar da aka yi kan yadda ya dace a yaɗa bayanan injin mota bayan an yi saiti, wato an canza tsarin aikin kwamfutar injin.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A goge lambar VIN (lambar shaidar mota) mai harafi da lamba 17, da bayanan GPS. VIN na nuna wace mota ce, GPS kuma na iya nuna inda take kwana.
2. A faɗi irin injin, fetur ɗin da aka sha, da kayan da aka canza. Lamba ɗaya ta cakuɗin iska da mai ba ta da ma'ana in ba a san man ba: 14.7 ne daidai a fetur, a E85 (fetur mai yawan sinadarin ethanol) kusan 9.8. Shi ya sa da yawa suka fi son a rubuta lambda, ma'aunin cakuɗin da ma'anarsa ɗaya ce a kowane irin mai.
3. A ɗauki bayanan a giya ta uku, an taka totur har ƙasa, daga juyin inji 2500 a minti zuwa sama. Kada a jibga ma'aunai da yawa ta OBD2 (mahaɗar da ake karanta kwamfutar mota ta cikinta), karatun yakan yi jinkiri har ƙwanƙwasar inji (fashewar mai ba bisa tsari ba a cikin silinda) ta wuce ba a gani ba.
4. A turo fayil ɗin CSV (fayil ɗin da ke ɗauke da lambobin a jere), hoton allo ba ya isa.
5. Fayil ɗin saitin kansa guminsa ne na mai saitin, sai da izininsa.

Inda aka rabu: ambaton sunan mai saitin idan an ga matsala. Wasu sun ce a faɗa don a kare wasu. Mafi yawa sun ce a fara tura masa bayanan, domin gurɓataccen mai ko filogi ma na jawo hakan. Ni ma nan na karkata.