Rubutu ya yi yawa, amma Google bai nuna shafin

Sabon-shiga: Jama'a, shafi cike da rubutu amma ko a Google ba ya fitowa. Ina matsalar take?

Mai-lura: Malam, fara da Google Search Console, wato kayan aikin Google da ke nuna yadda yake ganin shafinka, ka binciki adireshin shafin. In akwai alamar noindex, mai ce wa Google kada ya saka shafin a sakamakon bincike, ko robots.txt, fayil ɗin da ke faɗa wa Google inda zai iya leƙawa, ya hana shi shiga, duk wahalar banza ce. Gyara, sannan ka tura wa Google sitemap, wato jerin adireshin shafukanka.

Dattijo: Sau da yawa kuma rubutu biyu ne ke neman fitowa a kan kalmar bincike ɗaya, sai su raba ƙarfi. Haɗe su, ka karkatar da tsohon adireshin zuwa wanda ya rage da 301, wato alamar an koma sabon adireshi na dindindin. Taken shafi kuma kada ya wuce haruffa 60 sosai, don Google na yanke shi.

Mai-lura: Kada ka ɓata lokaci kan meta keywords, wato jerin kalmomin bincike da ake sakawa a ɓoye cikin shafi; tun 2009 Google ya ce ba ya duba su.