Waɗanda aka cire wa matsarmama, ya kuka ƙare da rejim ɗin barin tuwo da shinkafa?

Maman Walida, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara aka cire mini matsarmama saboda tsakuwa, aikin kyamara ne, 'yan huji huɗu a ciki. Alhamdulillahi ciwon ƙasan haƙarƙarin dama ya tafi, sai dai ƙiba ta dawo har ta fi ta da, don yanzu abin da na ci ya zauna. Ƙanwata da ke Yawunde ta matsa mini in shiga keto, wai a bar tuwo da shinkafa da biredi da sukari, a koma nama da ƙwai da mai. Don Allah wanda ya gwada bayan irin aikina ya faɗa mini gaskiya.

Hajiya Babba, Marwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni na bi shi yadda ake nunawa a Facebook: ƙwai da man shanu da safe, da rana tsire mai kitse. A gidan suna a Domayo abin ya same ni. Ina gama cin soyayyen naman rago cikina ya murɗa, gumi ya karyo, takalmi ɗaya na samu sakawa na nufi bayan gida. Zawo ne ruwa-ruwa, rawaya, mai zafi. Da na koma wurin likita sai ya juya takardar magani ya zana mini. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo, matsarmama ajiya kawai take yi, ta matso shi da yawa in an ci mai. Tunda babu ita, ruwan ɗiga yake cikin hanji kaɗan-kaɗan dare da rana, in aka antaya masa mai lokaci guda sai ya fi ƙarfinsa. Shi kuma keto kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin abincinsa daga mai yake. To ki haɗa lissafin da kanki.

Baban Sadik, Kusuri: Hajiya ta gama magana a kan mai. Amma Maman Walida kada ki haɗa rage tuwo da ƙara mai, hanyarsu daban. Ni kullum ina kan gadar Ngeli tsakanin nan da Njamena da kaya, ba ni da halin cikin da zai tayar mini da hankali a layin kwastan. Tuwon masakwa ban bar shi ba, malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuɓewa ko yakuwa ta ƙaru. Na roƙi uwargida ta riƙa auna man da cokali, ba tuttulawa daga kwalba ba. Kifin kogin Logon gasasshe maimakon soyayye, wake dafaffe maimakon ƙosai. Abin da ya fi ba ni wuya shayi ne. Kun san shayin Cadi, sukari har cokali ya nemi tsayawa, kuma a majalisa ba a ƙin karɓa. Yanzu kofin farko nake karɓa in ce Allah ya amfana. Sikeli ba ya gudu, amma wandon da na ajiye ya shige ni.

Ummi, Gidar: Ni fa ban ga komai ba. Watannin farko ne kawai cikina ya yi ta ƙugi, yanzu har kilishi da fiya ina ci lafiya. Jiki da jiki.

Anti Nas, Ngaundare: Haka ne Ummi, yawancin mutane cikinsu na daidaita bayan makonni ko 'yan watanni, wasu kuma zawon ya zauna musu. Ni ma an yi mini aikin, kuma a ɗakin tiyata nake aiki. Abin da nake so Maman Walida ta riƙe: ramewa da sauri ita kanta tana haifar da tsakuwa, don hanta na ƙara zuba kolestarol cikin ruwan ɗaci. Shi ya sa ake cewa kada a wuce kilo 1 a mako, rabin kilo ma ya isa. Cire matsarmama bai hana tsakuwa fitowa a bututun da ruwan ke bi ba, ko da yake ba kasafai ba. In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga zazzaɓi ko tsohon ciwon ya dawo, asibiti za a nufa a yi eko, wato hoton ciki, ba wurin mai sassaƙe ba. Kada kuma a yanke mai gaba ɗaya, bitamin A, D, E da K sai da shi jiki ke tsotsarsu. A raba shi ne, abinci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide ko allurar insulin kada ya rage tuwo sai likita ya gyara masa magani, sugan na iya faɗuwa ya sume. Wanda zawo ya ƙi tsaya masa kuwa akwai garin cholestyramine da ke ɗaure ruwan ɗacin, likita ke rubutawa.

Maman Walida, Garwa: Allah ya saka da alheri. Ba ni da suga. To azumi fa, ina sau biyar ɗin zai shiga?

Hajiya Babba, Marwa: Azumin bana na yi shi lafiya. Da an kira salla dabino da ruwa, sai kunu marar gyaɗa rabin kofi. Ƙosai da fanke da dankali soyayye na bar wa yara, don ciki ba komai in suka sauka a kai sai an rasa isha'i. Bayan tarawihi nake cin abincin kirki, farfesun kaza da aka ɗaye wa fata da kwaɗon zogale, ƙuli kaɗan. Da sahur kindirmo da aka kwashe man, da ɗan tuwo. Ki fara gwadawa da Litinin da Alhamis ki ga yadda cikinki zai karɓa.