Ƙanena gandiroba ne, aiki yana neman ƙarar da shi, ku ba ni shawara

Ɗan Kasuwar Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san aikin gidan yari ko suke da ɗan'uwa a ciki ku taimaka min. Ƙanena gandiroba ne, ya gama makarantar gandirobobi ta Buya aka turo shi wani gidan kaso nan arewacin Kamaru, ba zan faɗi garin ba. Tunda ya kama aikin nan yaron ya rame, ya daina hira, abu kaɗan sai faɗa, shi da da ko ƙuda ba ya iya kashewa. Zai kwana gadi, da safe yana shirin sauka sai a ce babu mai raka fursunoni kotu, ya saɓa bindiga ya bi mota ya yini can, ya dawo kuma a ce wani ya galabaita a kai shi asibiti kuma dole gandiroba ya kwana kusa da gadonsa. Kwanaki barci ya ɗebe shi a kan babur yana komawa gida, Allah ya tsare gwiwa kawai ya ƙuje. Inna ta dage ya ajiye aikin ya dawo shago wurina, shi kuma ya ce bayan wahalar da aka sha kafin ya ci kankur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, ba zai bari ba. Haka aikin yake ko'ina ne ko shi ake dannewa don sabo ne? Kuma me zan yi masa?

Baba Mai Ritaya, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, kuma wallahi da na karanta saƙonka sai da jikina ya yi sanyi. Ba shi kaɗai ba ne, ko da yake sabo ya fi shan wuya don shi ba ya iya cewa a'a.

Abin da mutanen waje ba su gane ba, sunayen da ke takardar ma'aikata daban, mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa da kan katanga daban. Cire na ofis masu rubutu, cire mata da ke kula da ɓangaren mata, cire marasa lafiya da masu hutu, cire waɗanda suka tafi kotu, waɗanda suka raka fursunoni masu aikin kwarbe, wato aikin ƙarfi, waje, waɗanda ke zaune a asibiti, fursuna ɗaya tak a gadon asibiti yana cinye gandiroba dare da rana. Abin da ya rage shi ne zai tsare gida gaba ɗaya. To kuma wane gida? Babban gidan yarin Marwa don mutum 350 aka gina shi, amma a rahoton Amnesty International na 2016, lokacin da kamen Boko Haram ya yi tsanani, sun ce mutanen ciki sun kusa 1,500. 

Ka tuna zafin Maris da Afirilu a nan, ya wuce digiri 40, ɗaki cike maƙil, da dare wani zai fara dukan ƙofa yana ihu wai ɗan'uwansu ba ya numfashi. Kai da ke riƙe da mabuɗi ku biyu ne ko uku, in ka buɗe ba ka sani ba ko gaskiya ne ko shiri ne su yi maka rubdugu, in ka ƙi buɗewa da safe a fito da gawa. Wannan shawarar mutumin da ya yi barci ya ƙoshi ma tana ba shi wuya, balle wanda idonsa bai rintsa ba tun jiya. Gajiyayyen gandiroba ɗayan biyu yake yi, ko ya yi gyangyaɗi a bakin aiki ko hannunsa ya yi saurin duka. Na ga wanda ya ƙirga mutane da yamma ya ce sun cika alhali ba su cika ba, ba don an saye shi ba, kansa ne ya daina aiki. Kuma in aka tsere ba wanda zai tambaye ka awa nawa ka yi a tsaye, kai za a fara kamawa.

Shi ya sa ake barin fursunoni su mulki junansu, kowane ɗaki da shugabansa, shi ke raba wurin kwana, shi ke hukunci. Ba wanda ke son haka amma ba hannun da zai yi. Ko yajin aikin da gandirobobi suka yi ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007 ai kan albashi da yanayin aiki ne, maganar ba sabuwa ba ce.

Maman Fa'iza, Ngaundare:
Baba ka yi haƙuri, ban ƙi maganarka ba amma mu ma a saurare mu. Ɗana ya taɓa shiga, tun asuba nake tashi in yi tuwo in ɗauka, in je in tsaya a rana, sai an ga dama a karɓa, wani ya sa sanda ya dagula miyar wai bincike, kuma kowace ƙofa sai ka ajiye wani abu, ɗari biyu nan ɗari biyar can. Wannan ba gajiya ba ce, son zuciya ne. Gaskiya akwai na kirki, akwai wata gandiroba da ta riƙa kai masa magani ba ta taɓa karɓar ko dala ba, Allah ya saka mata. Amma in ana maganar wahalar masu gadi a tuna na ciki ba su da gidan da za su koma su huta. Kai kuma ɗan'uwa, ka ja kunnen ƙanenka kar fushin aiki ya sa ya zalunci ɗan wani, hakki ba ya barin mutum.

Abba Mai Karatun Shari'a:
Baba da Hajiya duk gaskiya kuka faɗa, ni dai ina ganin ko gobe aka ɗebi sababbin gandirobobi aka turo, in kotu ba ta canza tafiya ba rijiya ce ake zuba wa ruwa. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin Kamaru ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Kuma su ne suka fi cin ƙarfin ma'aikata, don wanda aka yanke wa yana zaune wuri ɗaya, mai jira kuwa sai an kai shi kotu an dawo da shi, a ɗaga shari'a, wata mai zuwa a sake kai shi, a sake ɗagawa don shaida bai zo ba ko fayil bai iso ba. Duk fitar nan gandiroba ne ke binsa.

Dokar tsarin shari'ar laifuka da ta fara aiki a 2007 ta ce tsarewar wucin gadi lokacin bincike wata 6 ne, ana iya ƙarawa, amma ko babban laifi kar ya wuce wata 18. Kundin hukunci na 2016 kuma ya kawo hukuncin aikin al'umma maimakon ɗauri a ƙananan laifuka, sai dai a zaman kotun da nake halarta ban cika ganin ana amfani da shi ba, ɓarawon akuya ma ciki ake tura shi. Sassaucin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Afirilun 2020 saboda korona waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ya shafa, masu jira suna nan. Boren gidan yarin Kondengi a Yawunde ranar 22 ga Yulin 2019, wanda washegari na Buya ya biyo baya, cikin koke-kokensu har da jinkirin shari'a da cunkoso, kuma in wuta ta tashi irin haka gandiroban da ke bakin ƙofa ita take fara lasa. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 ma sun yi maganar ma'aikata, cewa albashi da sharuɗɗan aikinsu su dace da tsananin aikin.

Mahamat Injamena:
Mu ma nan Chadi haka abin yake, har ma mu dakarun GNNT, wata rundunar tsaron ƙasa, ne ke gadin gidajen yari. An gina sabo a Kilesum wajen gari aka kwashe mutane daga tsohon na Amsinene, amma gini ba ya gadin kansa. A Afirilun 2025 a Mongo fursunoni suka yi bore suka ƙwace makamai, fiye da 100 suka gudu, an rasa rayuka. Daga nan kowa a gari barci da ido ɗaya. Don haka wanda yake ganin gajiyar mai gadi ba ruwansa, ranar da aka fasa ƙofa unguwarsu za a bi.

Baba Mai Ritaya, Marwa:
Maman Fa'iza, abin da aka yi miki zalunci ne, ba zan kare shi ba, na zauna da masu yi kuma wasu ba talauci ya sa su ba. Allah ya bi miki hakkinki.

Ɗana, kar ku matsa masa ya ajiye cikin fushi, kuma kar ya yi kuskuren daina zuwa haka kawai, ana ɗaukarsa gudun aiki ne, hukuncinsa ya fi gajiyar ciwo. Ya je asibitin gwamnati likita ya duba shi sosai, har da hawan jini da gwajin tarin fuka tunda ka ce ya rame, cutar tana yawo a ciki kuma ba ta tantance mai kaki. In likita ya rubuta masa hutu ya kai takardar ofis ya riƙe kwafi. Ya samu ƙaramin littafi ya riƙa rubuta lokacin da ya hau da lokacin da ya sauka da wanda ya tura shi, ranar da abu ya faru shi ne shaidarsa. In zai nemi hutun shekara ko canjin wuri ya rubuta ta hannun shugabansa zuwa rejisa, wato shugaban gidan yarin, kar ya tsallake kowa. Ranar da ya kwana gadi kuma ya bar babur, ko ya hau na haya ko ka aika yaro ya ɗauko shi. Sannan ka tambaye shi a keɓe, ba gaban Inna ba, ko ya fara shan tiramol don ya hana kansa barci, yara da yawa ta nan suka lalace. In ka yarda ka turo min lambarsa ta saƙon sirri in kira shi da kaina bayan Juma'a.