Lyme ko Dunham Massey? Za mu fita da yara da Hajiya

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Hutun makaranta na ƙarshen Oktoba ya matso, yara sun gaji da zaman ɗaki. Muna so mu kai su ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen masu sarauta da ke wajen Manchester su miƙe ƙafa. Lyme ko Dunham Massey? Hajiyar maigida ta zo daga Kano, tana fama da gwiwa, autarmu kuma a keken jariri take. Ba mu da katin zama mamba na National Trust, ƙungiyar da ke kula da gidajen biyu.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Chatsworth za ku je, gidan Duke na Devonshire a Derbyshire. Ba a haɗa shi da kowanne.

Bakatsine: Lyme! Ku hau tudu har hasumiyar da ake kira The Cage, daga can har Manchester ake hangowa. Jirgin ƙasa zai sauke ku a Disley, tashar da ke kusa da Lyme.

Anti Binta: Malam, ta ce Hajiya na ciwon gwiwa, kai kuma kana aika ta tudu? Daga ƙofar Lyme zuwa gidan ma kusan mil guda ne. Dunham a shimfiɗe yake, keke na tafiya lafiya. Sai dai Oktoba lokacin barbarar barewa ne, a riƙe yara kada su matsa kusa.

Ummu Zainab: Ni dai na tuba. Bara muka je irin wannan wuri, ba zan faɗi suna ba. An kwana ana ruwa, tayoyin keke suka nutse a taɓo, maigida ya saɓa shi a kafaɗa ni na goya yarinya. Muna zaune muna cin dambu sai ga wani ƙaton kare ba igiya, ya tura baki cikin kular, ya lashe hannun Zainab. Mai shi tana dariya wai ba ya cizo. Yarinyar nan har yau in ta ji haushin kare sai ta ƙanƙame ni. La'asar a bayan mota muka yi ta, kan kwali. Sama da fam 60 muka kashe, muka dawo da yunwa da mura.

Bakatsine: Fam 60? Mu kuɗin shigar mota kawai muka biya.

Ummu Zainab: Mu kowa sai da aka ƙirga kansa, ban da 'yar ƙasa da shekara 5.

Abban Sadiq: Ku yanki katin iyali na shekara, ko'ina kyauta.

Anti Binta: Ba ko'ina ba. Chatsworth ɗin naka ma ba na National Trust ba ne. Tatton Park kuwa ko da kati sai ka biya kuɗin shigar mota, domin ƙaramar hukumar Cheshire East ke tafiyar da shi.

Abban Sadiq: Anti, tun 2004 nake ƙasar nan fa.

Anti Binta: Ka taɓa tura keken jariri a taɓo? Mai goyo ita ta san nauyi.

Ɗan Malumfashi: Ikon Allah. Mun baro gonaki a gida mun zo muna biyan fam don mu taka ciyawa. Kada Hajiya ta ji farashin, za ta ce a mayar da ita Kano.

Maman Hanif: Don Allah ana samun keken guragu na aro a Dunham?

Malam Sani: Ummu Zainab, a mazhabar Malikiyya yawun kare ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki ce ake wankewa sau 7.

Ummu Zainab: Malam, ba fatawa na nema ba. Tsoron da ya shiga yarinya nake faɗa.

Maman Ikram: Gaskiyarki. A filin unguwarmu ma haka ake, ga allo an rubuta a ɗaure kare, ba mai bi. Shekaranjiya ɗana ya shigo da kashin kare a takalmi har kan kafet ɗin da muke sallah. Wa ake kai wa ƙara, kansila ko 'yan sanda?