Neman shawara: ta ina zan bi da keke daga Pfunds zuwa Nauders ba tare da na haɗu da motoci ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako uku ke nan ina fama da taswira, abu ya ƙi warwaruwa. Ina shirin bin hanyar keke ta Via Claudia Augusta a tsaunukan Alps tare da 'yata mai shekara 12, daga Landeck a Ostiriya mu gangara Merano a Italiya. Daga mashigar dutse ta Reschen, mai tsayin kimanin mita 1,500, zuwa Merano ba ni da fargaba: kusan kilomita 80 ne, yawanci gangara a hanyar keke ta musamman, ta gefen tafkin da hasumiyar cocin ƙauyen Graun ta leƙo daga cikin ruwa.

Inda na maƙale shi ne hawan da ke tsakanin garuruwan Pfunds da Nauders a Ostiriya, kafin a kai Reschen. Babbar hanyar mota mai ramuka a cikin dutse ko kusa ba zan je da yarinya ba. Ɗayar kuwa sai an ratsa ta ƙauyen Martina a Suwizalan, a hau tudun Norbertshöhe, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kuma nan ma titin mota ne. Bara wata mota ta goge jakar keken 'yata a kan kwana, har yau da ta ji ƙarar inji a bayanta sai hannunta ya soma rawa a kan birki.

Don Allah wanda ya taɓa bi, akwai turbar daji da keke mai kaya zai iya hawa? In babu, motar haya da ke ɗaukar kekuna zuwa Nauders, sai an kama wuri tun da wuri ne, musamman a watan Yuli?