Muhawara: Siyasa ce ta kashe shirin Sálvame, ko kuwa masu kallo ne suka gaji da shi?

Malamin Jarida:
Assalamu alaikum. Maganar da nake so mu tattauna ita ce ta Sálvame, shirin tsegumin fitattun mutane da tashar Telecinco ta ƙasar Sifaniya ta riƙa nunawa kowace yamma daga Litinin zuwa Juma'a, tun watan Afrilun 2009 har zuwa 23 ga Yunin 2023. A ganina shirin bai mutu don kansa ba, siyasa ce ta kashe shi. A ƙarshen 2022 Paolo Vasile, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana jan ragamar kamfanin Mediaset a Sifaniya, mai mallakar Telecinco, ya sauka, Alessandro Salem ya gaje shi. Ba a jima ba sababbin shugabannin suka kafa dokar hana masu gabatar da shirye-shiryen nishaɗi bayyana ra'ayin siyasa, kuma kowa ya san wanda ake nufi, domin Jorge Javier Vázquez, mai gabatar da Sálvame, bai taɓa ɓoye goyon bayansa ga masu ra'ayin gurguzu ba. A watan Mayun 2023, ana dab da zaɓe, labarin soke shirin ya fito, aka kuma miƙa lokacin ga Ana Rosa Quintana, 'yar jaridar da ta yi suna wajen sukar gwamnatin Firayim Minista Pedro Sánchez mai ra'ayin gurguzu.

Mazauniyar Madrid:
Wa alaikumus salam, Malam. Duk abin da ka lissafa ya faru, amma ka faro labarin daga ƙarshensa. Tun a watan Oktoban 2019 tashar ta fara rauni, lokacin da Kotun Ƙoli ta tilasta mata dakatar da Pasapalabra, gasar kacici-kacicin kalmomi da ke zuwa kafin labaran ƙarfe tara na dare. Da suka rasa abin da za su cike gurbin da shi, sai suka ƙara wa Sálvame awa ɗaya, ya zama awa biyar a jere, daga ƙarfe huɗu zuwa tara. A 2020 gasar ta koma Antena 3, babbar kishiyarsu, ta tafi da jama'arta. A 2021 kuma Antena 3 ta kawo wani wasan kwaikwayon Turkiyya mai dogon zango a tsakiyar yamma, ya janye matan gida da dattawan da su ne ginshiƙin Sálvame. Ni shaida ce a kan wata tsohuwa maƙwabciyata da ba ta ɗaga waya idan shirin ya fara, amma a wannan shekarar ta koma kallon Turkawa, ta ce mini ta gaji da ihu. Zuwa 2022 Antena 3 ta ƙwace matsayin tashar da aka fi kallo a ƙasar. Vasile ya tafi ne bayan wannan faɗuwar, kuma shirin da a shekarun ƙarfinsa yake tara kusan mutum miliyan 2 ya riga ya zube sosai kafin wani ya taɓa shi.

Malamin Jarida:
Hajiya, ban musanta raguwar masu kallo ba. Tambayata ita ce, idan lissafin kasuwa ne kaɗai, me ya sa aka yanke shirin da har ranarsa ta ƙarshe yake cikin waɗanda suka fi riƙe wa tashar jama'a? Shirye-shiryen da suka biyo bayansa ba su kai inda ya kai a zamaninsa ba. Ɗan kasuwa ba ya rufe shagon da ke ciniki sai da wani dalili na daban.

Tsohon Mai Ɗaukar Hoto:
Ku gafarce ni in sa baki, domin na yi aikin talabijin, kuma ina ganin ku biyun kun tsallake yadda aka gina shirin tun farko. Shirye-shiryen tsegumi da suka gabace shi, irin su Aquí hay tomate da aka yi daga 2003 zuwa 2008, suna farautar taurari ne a waje, a filin jirgi da ƙofar gida. Kamfanin La Fábrica de la Tele na Óscar Cornejo da Adrián Madrid, wanda ya shirya Sálvame, ya juya abin: masu sharhin da ke zaune a ɗakin shiri su ne suka zama labarin. Aurensu, bashinsu, rashin lafiyarsu da gabar da ke tsakaninsu, su ake ta juyawa. Ana cin abinci a gaban kyamara, darakta yana shigowa fili a gan shi, wadda ta fusata ta fice tana kuka mai kyamara ya bi ta har cikin lungunan ginin. Belén Esteban, wadda aka fara sani a matsayin tsohuwar abokiyar zaman ɗan wasan faɗa da bijimai Jesulín de Ubrique, ta zama tauraruwar da ta fi yawancin waɗanda ake tsegumi a kansu. Wannan tsari yana da araha, shi ya sa ya iya cike awanni masu yawa kullum, amma mutane yake ci. Bayan shekara goma sha ba sauran asirin da ba a tona ba, kuma rasuwar Mila Ximénez a watan Yunin 2021 ta raba shirin da ɗaya daga cikin muryoyinsa mafi ƙarfi.

Ɗalibar Shari'a:
Baba ya kawo mu inda nake so in tsaya. Rigimar shirin da hukuma ta girmi zuwan Salem da nisa. A watan Disambar 2014 hukumar CNMC, mai sa ido kan kafafen watsa labarai, ta matsa wa tashar lamba saboda tsakanin ƙarfe biyar zuwa takwas na yamma lokaci ne da doka ta tsaurara kariya ga yara, dole aka raba shirin gida biyu, aka kai zafafan maganganu awar farko. A lokacin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ce ke mulki, shirin kuma ya ci gaba har fiye da shekara takwas. Abin da ya fi yi masa illa a ganina shi ne lamarin Rocío Carrasco a watan Maris na 2021, sa'ad da ita, 'yar mawaƙiya Rocío Jurado, ta fito a wani dogon shiri na kamfanin ɗaya ta zargi tsohon mijinta Antonio David Flores da gallaza mata, alhali shi ma'aikacin Sálvame ne. Aka sallame shi nan take. Ya musanta zargin, kotu kuma ba ta same shi da laifin ba. Ministar daidaito Irene Montero ta goyi bayan matar a fili, har ta yi magana a cikin shirin. Mata da yawa sun sami ƙarfin gwiwar neman taimako, wannan alheri ne da ba zan raina ba, amma masu kallo sun rabu biyu, kuma wani ɓangare bai sake dawowa ba. Sannan ga binciken da aka buɗe kan zargin cewa wani ɗan sanda yana fitar da bayanan sirrin fitattun mutane zuwa ga wani mai sharhi na shirin. Kowane kamfani zai auna irin wannan kasada.

Malamin Jarida:
Ƙanwata, ai hujjarki ta ƙarfafa tawa. Idan shigowar minista ce ta raba masu kallo, to siyasa ce dai ta shiga.

Ɗalibar Shari'a:
A'a, Malam, maganganu biyu ne daban. Kai ka ce shugabanni sun soke shiri mai lafiya don su toshe bakin mai gabatarwa. Ni kuma na ce shirin da kansa ya ɗauki ɓangare a rigimar da ta shafi rayuwar iyali guda, wasu masu kallonsa suka juya masa baya, shugabannin suka tarar da shi a raunane.

Mazauniyar Madrid:
Akwai gwajin da ya kamata mu duba, tunda an yi shi a idon kowa. Bayan sokewar, Netflix ta ɗauki takwas daga cikin masu sharhin ta yi shiri da su a ƙarshen 2023, a 2024 suka buɗe wani shirin ta intanet da wata ƙaramar tasha. A watan Mayun 2025 kuma tashar gwamnati TVE, a ƙarƙashin mulkin Sánchez ɗin nan, ta ba Belén Esteban da María Patiño da abokansu lokacin yamma a babbar tasharta da sunan La familia de la tele. Babu Salem a can, babu mai hana su magana, ga kuɗi ga fili. Ba a kai wata biyu ba aka soke shi saboda ƙarancin masu kallo. Da a ce jama'a suna nan suna jira, Malam, da sun bi su.

Malamin Jarida:
Wannan hujja ce mai nauyi, Hajiya, kuma na karɓi rabinta. Sai dai Jorge Javier ba ya cikin wancan shirin, ya ci gaba da aiki da Telecinco, kuma masu kallon tashar gwamnati ba su ne na Telecinco ba, da yawansu ma sun yi ta ƙorafin a kashe kuɗin haraji a kan tsegumi. Har yanzu ina riƙe da cewa dokar hana maganar siyasa da miƙa lokacin ga Ana Rosa Quintana ba su zo bisa kuskure ba.

Tsohon Mai Ɗaukar Hoto:
To amma Malam, ka lura da abin da ka faɗa yanzu: mutumin da kake cewa an so a toshe bakinsa, kamfanin ya riƙe shi, yana ci gaba da gabatar musu da manyan shirye-shiryen dare. Waɗanda aka raba gari da su su ne La Fábrica de la Tele da salonsu. Ina so ka bayyana mana yadda wannan ya dace da da'awarka.